Yadda Ake Gane Ciwon Kare da Kyanwa da Yadda Ake Jinyarsu a Gida

A Taba da sauran ƙauyukan Kudan, Maƙarfi da Ikara, kare da kyanwa ma'aikata ne. Kare na gadin gonar rake da lambun tumatir, yana bin mafarauta daji da rani, yana kwana a bakin garke. Kyanwa kuwa ita ke tsare rumbu da buhunan masara daga ɓarnar ɓera. Duk da haka, idan ragon Layya ya ƙi dusa da safe, kafin azahar an nemo malamin dabbobi, amma kare ko mage sai ta yi kwanaki a kwance ba a kula ba. In ma an kula, sai a ɗauko ƙwayar da ta rage a gida a dura mata. Jinkiri da ba da magani ba tare da an gane cuta ba, su ne ke mayar da ƙaramin ciwo ajali.

Malamai sun halatta riƙon kare domin gadi da kiwo da farauta, kuma duk wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta da lafiyarta na wuyansa. Aikin mai gida shi ne ya iya dubawa, ya ba da taimakon farko, ya kuma san lokacin da magana ta fi ƙarfinsa.

Kafin ka taɓa shi

Tambayar farko ga duk kare ko kyanwar da halinta ya canza ita ce: ko ciwon hauka ne? Kowa ya san mahaukacin karen da ke gudu ba ji ba gani, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gitta. Akwai kuma nau'i na biyu wanda ya fi yaudara. Karen zai yi laƙwas, haɓarsa ta saki, baki a buɗe, yawu na dalala, haushinsa ya dishe, ya kasa haɗiya. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu zai ciro. Kada ka kuskura. Ƙwayar cutar a cikin yawun take, ƙaramin ƙwarzane a yatsa ya isa ta shiga. Haka saniya ko jaki ko akuyar da kare ya ciza suke yi, su ma ba a sa musu hannu a baki.

Idan ka ga wannan, kulle dabbar inda yara ba za su kai gare ta ba, ka tura mata ruwa da abinci daga nesa, ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Karen da ya ciji mutum alhali yana da alamar lafiya, ɗaure shi ake yi a lura da shi kwana 10. In ya wuce kwanakin garau, ba shi da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. In ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kan, domin da ƙwaƙwalwa ake yin gwaji. Kada kuma a sayar da shi ga fataken karnuka, wannan kai wa wani gari annoba ne.

Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a zuba aidin ko sifirit, kada a ɗaure raunin tamau. A tafi asibiti a ranar, ba sai an jira kwana 10 ɗin kare sun cika ba. Ana fara allura ranar farko, a maimaita rana ta 3 da ta 7, wani tsarin har da ƙari. Idan asibitin kusa ba shi da ita, a wuce Zariya, har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cutar takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, saboda haka warkewar rauni ba shaidar tsira ba ce. Da zarar alamu sun fito, kusan ba wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A koya wa yara su faɗa ko da ɗan kwikwiyo ne ya ƙwarzane su, kuma kada a doke su in sun faɗa.

Yadda ake duba dabba

In ka tabbata ba ciwon hauka ba ne, fara da takunkumi, domin kare mai jin ciwo ko ubangidansa yana iya cizo. Sami tsumma mai tsawon kamu biyu, ka zagaya bakin ka ƙulla a sama, ka sake zagayowa ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, sannan ka ɗaure bayan kunnuwa. Ba a sa wa mai amai ko mai numfashi da ƙyar. Kyanwa kuwa naɗe ta ake yi da zane ko tawul, kai kawai a bari a waje.

Ɗaga leɓen sama ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja ne mai haske, da danshi. Danna shi da yatsa, wurin zai yi fari, ka saki, launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat alamar ƙarancin jini ne, ruwan ɗorawa shawara ce, busasshe mai danƙo kuma ruwan jiki ne ya ƙare. Ka kama fatar kafaɗa ka ɗaga ka saki. In ta koma nan take, lafiya. In ta tsaya a tattare, dabbar na bukatar ƙarin ruwa.

Sai zafin jiki. Taɓa hanci ba ya nuna komai. Sayi ma'aunin zafi a kemis ka ware shi don dabbobi, ka shafa masa man basilin, ka sa bakinsa a dubura na minti ɗaya. Zafin kare da kyanwa na daidai yana tsakanin digiri 38 da 39.2, ya fi na mutum. Daga 39.5 zazzaɓi ne. In ya haura 41, ko ya sauko ƙasa da 37.5, gaggawa ce.

Daga nan ka leƙa kunnuwa da idanu, ka buɗe tsakanin yatsun dagi, ka shafa gashi ta baibai ka ga fata, ka dubi kashi da fitsari. Ka kuma auna nauyi, don kowane magani da kilo ake lissafa shi: hau sikeli ɗauke da dabbar, ka sake hawa kai kaɗai, ka debe. Waɗannan su ne abubuwan da likita zai tambaye ka ko da a waya.

Amai da zawon jini a kwikwiyo

Kwikwiyo ɗan mako 6 zuwa wata 6 da ya daina ci, ya fara amai, sannan zawo mai jini da ɗoyi ya biyo, cutar fabo ake fara zargi. Ta ɓulla a duniya a 1978, tana cinye bangon hanji, tana iya kashewa cikin kwana biyu zuwa uku. Ba maganin da ke kashe ƙwayarta. Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, da allurar tsayar da amai, da maganin da zai tare ƙwayoyin da ke kutsawa jini daga hanji. Kafin ka isa wurin likita, ware shi daga 'yan'uwansa, ka dama ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na kemis a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ka riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan ta gefen kunci da sirinji marar allura. In duk abin da ya shiga dawowa yake, kada ka matsa, hanya za ka kama. Ƙwayar na yin watanni a ƙasa, sabulu ba ya kashe ta. A wanke wuri da kwanuka da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, kuma kada a kawo sabon kwikwiyon da bai gama riga-kafi ba gidan.

Cutar distemfa kuwa da zazzaɓi take farawa, da kwantsa da majina mai kauri da tari. Bayan makonni sai ka ga naman fuska ko ƙafa na motsi shi kaɗai, ko jijjiga, tafin dagi ya yi tauri. Ita ma jinya kawai ake yi. Tun da jijjigarta na kama da ta ciwon hauka, a bar likita ya rarrabe.

Tsutsar ciki

Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu da gashi a hargitse, macijin ciki ne da shi, sau da yawa tun daga cikin uwa ko nononta. Akwai ƙananan tsutsotsi masu shan jini a hanji, su ke sa dasashi fari da baƙin kashi. In ka ga farare-farare masu motsi a bakin dubura, tsila ce, kuma ƙuma ke yaɗa irin da aka fi gani, don haka sai an yi maganin ƙuma tare. Ana ba kwikwiyo maganin tsutsa a mako na 2, 4, 6 da 8, manya kuma duk wata 3. Nemi ƙwayar karnuka da ta haɗa firantel da firazikwantel, domin na farkon ba ya kashe tsila.

Ga abin da ya shafi makiyaya da mahauta. Tunkiyar da ke zagaye wuri ɗaya kamar mai hajijiya, sau da yawa ƙullin ruwa ne a ƙwaƙwalwarta, kuma daga ƙwan tsilar da kare ya kasayar a ciyawa ta samo. Idan aka jefa wa kare ɗanyen kanta, ko hanta da huhu masu ƙullin ruwa, an sake ba tsilar gida. Wani nau'in yana kama mutum ma. Lokacin Layya a binne irin wannan nama ko a ƙone shi, sauran kayan ciki a dafa kafin a ba kare.

Kaska da zazzaɓinta

Kaska na ɓuya a kunne da wuya da tsakanin yatsu, ta yi ƙwai a tsagar bango. Cizonta na sa cututtuka biyu da likitoci ke yawan gani a karnukan ƙasar nan. Babesiya na fasa ƙwayoyin jini: zazzaɓi, farin dasashi ko shawara, fitsari ja ko baƙi-baƙi. Elikiya na sa rama da kasala da haɓo. Ɗigon jini a madubin likita ke taimakawa a gane wacce ce, wani lokaci ma duka biyun ne. Elikiya na jin doksisaikilin, amma sai an yi mako 4 cur ana sha. Babesiya kuwa maganinta allura ce. A nan ake asarar karnukan farauta da yawa, domin maganin sammore na shanu irin su Berenil yana aiki a kanta, sai mutum ya diba da ƙiyasi ya yi wa karensa. Tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa a wannan magani ƙanƙanuwa ce ga kare. In ya yi yawa ko aka maimaita shi kusa-kusa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Likita ne kaɗai zai auna shi.

Wajen cire kaska, kama ta da matsefata dab da fata ka ja a miƙe a hankali, ka jefa ta a kananzir. Kada ka murtsuke ta da yatsa. A yi wa kare wanka da maganin kaskar da aka rubuta na karnuka ne, bisa awon da ke jikin kwalba, a fesa makwancinsa da tsagogin bango, a bari ya bushe kafin ya koma.

Ciwon fata

Ƙazuwa na fara cin gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba, kare ya yi ta susa dare da rana, gashi ya zube, fata ta yi kauri. Baƙin man inji da ake shafa masa ƙona fata yake yi, in ya lasa kuma guba ne. Aibamektin na warkar da ita, ana maimaitawa bayan mako 2, amma na shanu yana da ƙarfi, kuma ba a yi wa kwikwiyo ɗan ƙasa da mako 6. A ƙone tsumman da yake kwanciya a kai.

Da damina sai ka ga kwikwiyo da ƙuraje masu kama da maruru a ciki da dagi, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Ka zuba ido, za ka ga abu na motsi a bakin ramin. Tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa. Toshe ramin da basilin ka jira ɗan lokaci. Iska za ta yanke mata, ta turo kai waje. Sai ka sa manyan yatsu biyu a gindin ƙurjin ka matsa a hankali, ta fito ɗungurungum, fara mai ƙiba. Kada ta fashe a ciki. Wanke ramin da ruwan gishiri, ka sa aidin, ka canza wa kwikwiyon makwanci zuwa busasshen wuri.

Jan tsiro mai zubar jini a al'aurar kare ko karya wata irin kansa ce da ake ɗauka wajen barbara. Tana warkewa da allurar jijiya ta mako-mako a asibitin dabbobi. Fiɗiye karen da ba a bukatar irinsa na rage yawo da faɗa da kwaso wannan cuta.

Guba da sara da zafin rana

Yankin noman rani ne, ba gidan da ba maganin feshi. Dabbar da ta sha fiya-fiya ko maganin ƙwarin tumatir za ta yi dalala da hawaye da zawo, jiki na rawa, baƙin ido ya ƙanƙance. Makarinsa allurar atirofin ce, kuma da wuri ake yin ta. In a jiki ya zuba, sa leda a hannu ka wanke ta da sabulu. Maganin ɓera iri-iri ne. Wani nan take yake sa amai, kuma aman na fitar da iska mai cutar da mutum, don haka a fitar da dabbar fili. Wani sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya fara tsiyaya ta hanci da baki da kashi, makarinsa bitamin K ne na makonni. Kada a dura manja ko madara ko gishiri, ɗura na iya bi ta huhu. Ɗauki kwalbar ko ledar gubar ka tafi da ita wurin likita. Mataccen ɓeran da guba ta kashe a binne shi, kada mage ta samu.

Saran maciji yawanci a fuska ko ƙafar gaba yake, wurin ya kumbura da sauri. Ba tsaga, ba ɗauri, a ɗauki karen a hana shi tafiya. In kumurci ya tofa masa dafi a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci. A zafin Maris da Afrilu, karen da aka ɗaure a rana yana haki har ya faɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan randa, a yi masa fifita.

Kyanwa daban ce

Kyanwa na ɓoye ciwo. In ta daina lasar jikinta, ta shige lungu, ta kwana biyu ba ta ci ba, abin ya yi nisa. Murarta na zuwa da atishawa da kwantsa da gyambon harshe. Goge mata ido da hanci da auduga da ruwan ɗumi, ka ɗumama mata kifi, domin in ba ta ji ƙamshi ba ba za ta ci ba. Muzurun da ya dawo daga faɗa yakan yi kumburi a kunci ko gindin wutsiya bayan 'yan kwanaki. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in ya fashe a wanke da ruwan gishiri, a nemi maganin ƙwayoyin cuta wurin likita. Muzurun da ke tsuguno yana nishi fitsari ba ya fita, mafitsara ce ta toshe, kwana biyu zuwa uku ya isa ya mutu, a ranar ake kai shi. Zagayayyen tabo marar gashi a fuska ko kunne makero ne, yana kama yara, a raba su har ya warke. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancin manyan kyanwoyi.

Abin da ba a ba su

Farasitamol guda ɗaya na iya kashe kyanwa: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen da dikulofinak na huda ciki su lalata ƙoda, ga kare da kyanwa duka. Maganin kaska na shanu ko na karnuka yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu. Albasa da tafarnuwa na fasa musu ƙwayoyin jini, saboda haka sauran miyar da ta sha albasa ba abincinsu ba ce. Goro da cakulan guba ne ga kare. Dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soki hanji.

Riga-kafi da inda za a je

Kwikwiyo na karɓar allurar haɗaka ta fabo da distemfa a mako na 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon hauka a wata 3 ake yi, ga kare da kyanwa, sannan duk shekara. A karɓi kati a adana, ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci za ka san amfaninsa. Ka tabbata daga cikin sanyi aka ɗauko allurar, wadda ta sha rana a teburin kasuwa ba ta da sauran ƙarfi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin riga-kafin haukan kare a cikin gida. Mutanen wannan yanki kuma suna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kusa da su, inda ake gwajin jini da tiyata.

Masana sun nuna idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon hauka na daina yaɗuwa a garin. Wannan ba aikin gida ɗaya ba ne. Mai unguwa da shugabannin mafarauta da arɗo su tsayar da rana guda a shekara, su gayyato malamin dabbobi, a tara kuɗin allura da na mai, a fito da karnuka da kyanwoyi gaba ɗaya. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ke tunawa da yaƙi da wannan cuta, ta dace da wannan aiki. Kai kuma mai karatu, duba katin karenka yau. In babu, ko shekara ta zagayo, kai shi a yi masa allura cikin makon nan.